Kunnen Dunƙule

Ladidi ce ta saba mata da maiƙo:
kan kifi, ɓargo, ragowar balangun Taminus,
har Dunƙule ta daina hawa katanga,
ɓera na wucewa ta gaban hancinta, ko motsi.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta
ta shinshina kwano, ta juya baya.
Kwana tara.
Na ce ai tana da ajiya a jiki, sai ta ci daga ciki.

Ashe ajiyar ce ke cin ta.
A Bukuru, Dakta Nanret ta ɗaga kunnenta ga haske:
rawaya, kamar an shafa gangamau.
"Baba, mage mai ƙiba in ta ƙi abinci,
kitsen tasowa yake, ya bi jini,
ya danne hanta."

Yanzu sirinji ne a hannuna, sau huɗu a rana,
ɗigo-ɗigo, cikin sanyin asubar Jos,
tana naɗe a tsohon zanen Ladidi.

Jiya ta lashi yatsana da kanta.
Sai na tuna ni ma
rabona da tuwo tun sadakar uku.
Na tashi na ɗora tukunya.