Tantani

A rumfar Barmo, bayan layin masu albasa a Aliero,
wani direba ya dire batir
ya kumbura kamar ƙosai a mai.
Barmo bai ce uffan ba.
Ya zuƙe masa caji kwana biyu,
ya kai shi kan yashi, nesa da rumfa,
sannan ya kira ni: zo ka ga ciki.

Na zaci waya zan gani.
Ashe naɗi ne, kamar rawani:
baƙin falle a kan jan ƙarfe,
wani a kan gorar ruwa,
a tsakaninsu kuma wani farin abu
da iska ta so ƙwacewa daga yatsunsa.

Ya ɓare albasa, ya zaro tantanin
da ke kwance tsakanin ɓawo da ɓawo.
Ya ce kusan kaurinsu ɗaya.
Dangin leda ne, dangin buhun taki,
wani a shafe shi da garin yumbu
don kada zafi ya tamke shi.
Ramuka gare shi, ido ba ya kama su.
Litiyam ya wuce da safe, ya komo da yamma,
amma fallayen nan biyu
ba su taɓa gaisawa da hannu ba.
Ran da suka gaisa, gobara.

In zafi ya kai masa wuya
sai ya narke, ya toshe ƙofofinsa da jikinsa.
Batir ya mutu, gida ya tsira.

Ya nuna mini ɗigon ƙuna, bai kai ƙwayar gero ba.
Nan ƙaya ta tsiro, ta huda.
Cajar ɗari biyar ce ta shuka ta.

Ban ji sauran bayaninsa ba.
Goggo Ige na tuna,
shekara goma sha tara tsakanin Baba da Kawu Noma
a kan fadamar da kaka ya bari.
Ta kai iri, ta dawo da goro,
ta tace magana kafin ta ƙetare zaure.
Ba a taɓa cewa ta yi wani aiki ba.
Bara da rani aka rufe ta.
Kafin sadakar arba'in
alƙali ya san sunan gidanmu.

Barmo ya ce in share wurin.
Na share.
Farin guntun nan dai yana aljihuna,
bai da nauyin komai.