Tsarata a Sikelin Bappayo

Ba ita na je nema ba.
Sifirin na je nema, na agogon masallacinmu
da ya tsaya a huɗu saura kwata tun azumin bara.
Aka ce in duba wajen 'yan gwangwan, bayan tashar jirgi,
inda Bauchi ke zubar da haƙoranta.

Bappayo na zazzage buhu.
Kan keke, murfin tukunya, dutsen guga mai gawayi,
sai wani abu ya faɗo, ya bugi ƙafar sikeli
da ƙarar da ba ta tarkace ba.
Shekara arba'in ina sauraron ƙarfe,
na san muryar wanda aka ƙera da natsuwa.

Libarba ce.
Tsatsa ta yi mata lalle har wuya,
ƙota ta tsage, an ɗaure da wayar birki.
Na tofa yawu, na murza da babban yatsa,
na maƙala gilashin ido ɗaya:
ɗaya, tara, biyar, bakwai.

Na zauna a kan taya.

Abin da ke takardata ke nan.
Sai dai tawa shekarar hedimasta ne ya yanka,
ranar da ya ce in ɗora hannu bisa kai in kamo kunne.
Inna cewa take damunar da rafi ya ci gonar Baffa.
Ita kuwa wannan a jiki aka buga mata,
ba mai yi mata gardama.

Na ce nawa.
Ya ce da kilo ne, Baba,
amma tunda ka zauna ta tashi daga kilo.
Na taya huɗu, ya ce albarka.
Na kaɗe riga, na yi taku uku na ƙarya.
Bai kira ni ba. Yaron ya riga ya ga idona.
Dubu bakwai da ɗari biyar,
kuɗin maganin hawan jinina na wata.

Kwana uku ta yi a kananzir.
Dudu ta leƙo shago, ta dubi kwanon, ta dube ni:
wasu in sun tsufa carbi suke saye.

Ran na huɗu cikinta ya juya.
Ɗaki shida. Biyar wayam.
Na shida zanzaro ya gina da jar ƙasa,
ya yi 'ya'ya, ya tashi.
Na ɗaga ta ga hasken taga, haske bai ratsa ba.
Darma ce, an narka an ɗura mata har leɓe.

Wani ya zauna ke nan, ya hura gawayi,
ya jira, hannunsa bai yi rawa ba.
Bai jefa ta rijiya ba, bai sayar ba.
Me ta faɗa na ƙarshe
da ya sa ya toshe mata baki?

Saje Bulus, maƙwabcina mai ritaya,
ya juya ta, ya sunsuna, ya yi dariya har da tari.
Ya ce wannan gawa ce, ko kaza ba za ta tsorata ba,
amma tashi mu je ofis su gani da idonsu.

Yanzu tana kan teburina,
tana danne rasiɗai kada fanka ta kwashe.
In an yi isha'i, na rufe ƙofa ɗaya,
sai in murza ta a hankali kusa da kunne.
Ƙas. Ƙas. Har shida.
Agogunan bango suna nasu lissafin, mu muna namu.

Ban tambaye ta wa ta kwantar ba.
Ita ma ba ta tambaye ni
mutum nawa harshena ya harba
kafin shekaru su ɗura masa tasu darmar.

Jiya ladan ya tare ni a bakin famfo.
Har yanzu huɗu saura kwata, Malam Barau.
Na ce gobe.