Mai Jera Ruwa

A zauren taro, kusa da Ƙofar Ƙaura,
ni ne mai jera gorunan ruwa.
Sha biyu dama, sha biyu hagu,
na ƙirga sau biyu, kar a ce na yi son kai.

Suka shimfiɗa taswira.
Gulbin da na koyi iyo cikinsa
ya koma shuɗin zare,
biro ɗaya ya isa ya tsinka shi.

Na nan suka ce: mu muka gina madatsa.
Na ƙetare suka ce: kafin siminti, ina yake kwana?
Wani ya bugi tebur, gora ta kife,
ruwan ya tsallake iyaka
ba wanda ya tambaye shi takarda.

Kawu Nomau na Madarumfa,
bara albasarsa ta ƙone a tsaye.
Babana a Jibiya ya ɗebi tumatir kwando arba'in,
ya kasa kiran surukinsa.

Bayan La'asar aka sa hannu:
buɗe ƙofa kwana tara a wata,
ma'auni ɗaya, idanu biyu.
Ba a tafa ba.

Na tattara gorunan, duk rabi aka sha,
na juye gindin darbejiya.
Da dare na buga waya:
"Kawu, gyara fangali."