Rodi Na Goma Sha Ɗaya

A Atbara, bayan tashar jirgin ƙasa,
akwai ɗaki mai fanka ɗaya
inda nake karya ƙarfe a biya ni.

Injin baki biyu gare shi.
Ɗaya ya ciji kan rodi, ɗaya ya ciji gindinsa,
su yi ta ja a hankali, kamar mai zare ƙaya.
Ni kuwa ba rodin nake kallo ba,
allo nake kallo.

Gefen tsaye, nauyin da aka ɗora masa.
Gefen kwance, tsawon da ya ƙara.
Ustaz Babikir, Allah ya ji ƙansa,
da tsinken sakace yake nuna mini:
"Nan, inda layi ya miƙe sak kamar hanyar dogo,
sake shi, zai koma yadda yake.
Nan kuma, inda ya yi 'yar rawar sanyi,
ya sallama. Daga nan ba komawa gida."

Sai layi ya hau tudu, ba gaggawa,
ya kai ƙoli, ya sunkuya.
A lokacin rodin ya fara yin wuya,
siriri kamar na zalɓe,
in ka taɓa wurin ka ji ɗumi.
Sai tas!
Tasalla mai shayi a ƙofa
ta daɗe da daina firgita.

Goma sun yi haka ranar Talata.
Na sha ɗaya ya hau, ya hau, ya wuce su duka,
bai yi rawa ba, bai yi wuya ba,
ya tsinke yana tsaye.
Bakin karayar fes, yana ƙyalli kamar an fasa gishiri.

Alhaji Mudassir ɗan kwangila ya leƙo ta kafaɗata:
"Kai, ai wannan ne gwarzon! Dubi lambarsa."
Rufin ɗakin haihuwa zai zuba a Addamar,
motar siminti na jira, hatimina yake so.

Na ɗora yatsa ƙarƙashin layin.
"Alhaji, filin nan ake karantawa, ba tsayi kaɗai ba.
Na goman nan gona ne,
wannan ko akuya ba ta kwanta a ciki.
Rodin da ke miƙewa yana ba da labari:
rufi ya tsage, gari ya zubo, a kwashi jarirai a fita.
Wannan ba ya sallama in zai tafi."

Ya ce taurin kan 'yan Maiurno ne ke damuna.
Na ce to, mu ja wasu uku daga ɗaurin.
Aka ɗauke wuta kafin mu kai na biyu.

Muna zaune cikin zafi, ni da shi,
shayi na hucewa,
hatimi na cikin aljihun jallabiyata.
Guntayen biyu na kan tebur.
Ya ɗauka ya haɗa bakinsu,
suka zauna daidai, ko gashi ba ya ratsawa,
kamar ba abin da ya faru.

Ya daɗe yana kallonsu.