Ɗiyar Mai Gyaran Talabijin

Shagona yana Rijiyar Ɗorowa:
ƙofa ɗaya, fanka ɗaya, talabijin goma sha ɗaya
waɗanda masu su suka kawo gyara, suka manta hanya.
Daren Laraba, in an kawo wuta,
sai in kunna su duka,
Luba ta fito sau goma sha ɗaya.

A ta Alhaji Bunu fuskarta koriya ce shar.
A ta mai shayi ta rabu biyu, goshi a ƙasa, haɓa a sama.
Akwai wata tsohuwa da hotonta ya mutu, sai murya,
ita na fi so.
Da muryar nan ce take ce mini, "Baba, dalma ta ƙare,"
tana 'yar shekara bakwai, riƙe da tocila,
tana haska mini cikin akwatunan mutane.

Tun lokacin takan tsaya gaban mataccen gilashi
ta karanta labaran duniya da bakin Kanawa,
ta yi tallan sabulu, ta yi faɗan kwandasta da fasinja,
ita ce kwandastan, ita ce fasinjan.
Na ce ƙuruciya ce, za ta wuce kamar ƙyanda.

Aikinta na fari, ta miƙa ruwa, ta ce "Ga shi," ta fita.
Kalma biyu.
Yini guda cikin rana a gadar Kwalkwalawa,
naira dubu biyu, ɗari biyar ta tafi a kabu-kabu,
saura ta sayo wa innarta man zafi na gwiwa.

Yanzu ita ce nas ɗin da ba ta duba majinyaci
sai an ɗora wani abu a kan kati.
Ran nan a Tsohuwar Kasuwa mai albasa ta janye tirenta:
"Ba ke ce kika bar yaron mutane kan benci ba?"
Luba ta yi dariya har da tafa hannu.
Ta dawo gida, tuwonta ya kwana a rufe.

Sai ga kashi na talatin da huɗu.
Yaron da ke kan bencin, ashe ƙanen nas ne.
Ta yaye zanen, ta duba,
ba ta yi kururuwa ba,
ta zauna ƙasa, ta shiga tsintar ƙwayoyin magani ɗaya-ɗaya,
can wani sauti ya fito mata daga ƙasan ciki.
Gari ya ɗauka: ba albasa, ba man shafawa a ido,
yarinyar nan ta iya!

Ni na san kukan.
Shekarar da gulbin Rima ya cika ya tafi da Sanda,
ɗiyata ba ta zubar da ko ɗigo ba.
Kwana uku tana ƙarƙashin wanga teburi
tana ware ƙananan kusoshi daga manya.
Shekara goma kukan yana ajiye
kamar kayan gyaran da ba a zo karɓa ba,
sai ga shi a talabijin goma sha ɗaya,
tallan ɗanɗanon miya ya yanke shi a tsakiya.

Da ta zo hutu daga Kano na tambaye ta.
Tana goge jan baki da gefen mayafi, ta ce,
"Aiki ne, Baba."
Na ce to.
Ta ce an yi sau huɗu kafin darakta ya yarda,
na farko jirgi ya wuce, na biyu akuya ta shigo.
Muka yi dariya, ba mai kallon wani.

Nan aka ɗauke wuta.
Fuskokin suka tsuke, suka zama ɗigo, suka ɓace,
fanka ta ƙarasa juyinta ta tsaya.
Na ji ta jawo kujerar nan mai gajeriyar ƙafa,
ta kunna fitilar waya.
"Wacce ka buɗe?
Ina zan haska?"