Faɗin Yatsu Uku

Tun la'asar na san daren nan ba na wasa ba ne.
Ruwan buta ya cije ni a yatsu,
duwatsun Shere sun yi tsit kamar masu fushi,
mai shayin bakin Dilimi ya ƙara itace
tun rana ba ta naɗe tabarmarta ba.

Kaji goma sha ɗaya gare ni, har da Fingi,
wadda aka ɗinka wa riga a juye,
gashinta duk ya kalli sama,
iska na shiga ta fita ba sallama.

Na sauko da buhunan taki huɗu
da suka gama aiki a gonar dankali,
na farke su, na kafe su jikin akurki
ta gefen da iska ke sara.
Na kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗar jiya,
na zuba busasshen garin katako.
Laima ta fi ɗari mugunta:
ta ƙafa take bi, ta kwana a ƙirji.
Sai tsakin masara kafin magariba,
don ciki mai niƙa shi ma murhu ne.

Bara ban san haka ba.
Bara na toshe kowace kafa da tsumma,
na kai musu kaskon garwashi har ciki,
na kwanta ina yaba wa kaina.
Da asuba zakara bai yi cara ba.
Bakwai na ɗauko, da sauran ɗuminsu,
ba ƙwarzane, ba jini.
Ba muzuru ba ne, ba tunku ba.
Ni ne, da tausayina.

Chundung ta leƙo ta kan katanga ranar,
sai da ta ƙirga su kafin ta ce sannu.
Ta ce, "Malam Ilu, kaza da bargonta ta zo duniya.
Tare mata iska, kar ka tare mata numfashi.
Abin da ka rufe ruf, kabari ne ko da ɗumi."

Shi ya sa yau na bar tsaga a sama,
faɗin yatsu uku, ƙarƙashin kwano.
Hannuna na ƙaiƙayin ya toshe ta.
Na sa shi a aljihu.

Ƙarfe biyu aka ɗauke wuta.
Na zura kwat ɗin babana na zamanin haƙar kuza,
na fita da tocila, haƙora na kaɗa kalangu.
Sun dunƙule a kan sanda, wuya cikin kafaɗa,
kowace ta zauna kan yatsunta.
Takwas, tara, goma.
Goma.

Tana lungu, ƙasa, ita kaɗai,
'yan'uwa sun ture ta daga sahu.
Na cusa ta cikin kwat, daidai haƙarƙari,
zuciyarta na gudu, tawa na bin ta.
Na tono dutse daga tokar murhu,
na naɗe shi da tsohon zani, na kai lungun.
Dutse ba ya hayaƙi,
kuma in an rasa komai a Jos, ba a rasa dutse.

Lantana ta ce daga cikin bargo,
"Wai tsakanin kai da kajin nan, wa ke kiwon wani?"
Ban amsa ba. Ina sauraren tsagar nan,
ina jin dare na shiga kaɗan-kaɗan
yana fita da warin numfashinsu.

Ladanin Gangare ya fara, murya na rawa.
Na jira.
Sai zakara ya karɓa, a dishe, a karkace,
cara mafi muni da na taɓa ji,
na tsaya a tsakar gida ina dariya da tururi a baki.

Na zuba musu ruwan ɗumi.
Sha ɗaya suka sauko, Fingi na ƙarshe, tana mita.
A cikin garin katako, ƙwai ɗaya.
Na ɗora shi a kumatu har ya huce,
sannan na miƙa shi ta kan katanga.