Jirgin da Ba Ya Ruɓewa

A Chiloé ruwan sama ba baƙo ba ne,
mu ne baƙinsa.
A rumfar bakin gaɓa babana Eleuterio
ya shekara arba'in da gizago a hannu,
yana lanƙwasa katako da tururi
har ya yi haƙarƙari irin na mutum.

Jirgi ɗaya, wata biyar.
Ƙusar tagulla, zare a kowace tsaga, fenti shafi uku.
Shekara na zagayowa a jawo shi tudu,
a kankare, a toshe, a sake shafawa,
don tsutsar teku ba ta san zumunci ba.

Ni ce mai riƙe littafin kuɗi.
Na san abin da fenti ya lashe bara,
na san kwana goma sha tara da jirgi ya yi a kife
kifi na wucewa ta ƙofar gida.

Sai na ƙetare mashigi, na tafi Puerto Montt.
Wani yaro, Aliro, hancinsa ɗaure da ƙyalle,
ya nuna mini na ƙarfe.
Ƙarfi kam akwai, ga nauyi kamar bashi,
gishiri kuma ya fara cinsa tun daren farko.
Na alminiyam ba nauyi,
amma da ya faɗi kuɗin sai da na nemi kujera,
kuma ranar da ya tsage
mai waldarsa na can, tafiyar yini guda.

Sannan ya ɗago zaren gilashi,
fari sol kamar gashin kakata,
ya shimfiɗa a mazubi, ya kwarara masa ƙaro mai hawa kai.
Ya ce, "Kwana tara, ki dawo."
Kwana tara!
Ya ɗara na katako tsada, ban musa ba,
amma na buga lissafi a bayan rasit:
ba toshi, ba tsutsa, mai kaɗan yake sha.
Hunturu uku ya fanshi kansa.

Ranar da na kawo shi, baba ya zagaya sau biyu,
ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa.
"Ninfa, wannan ai baho ne.
Katako zama yake a ruwa, wannan rawa zai yi."
Bai yi ƙarya ba.
Iskar kudu na tura ni kamar ɓawon gyaɗa,
sanyi na hudo tafin ƙafa,
igiyar ruwa na dukan cikinsa kamar ganga.
Amma ni kaɗai nake jawo shi kan yashi,
ban jira ƙattai huɗu ba.

Wata Laraba dutse ya huda masa ciki.
Kafin rana ta faɗi na liƙe da hannuna,
na kwana uku ina susa har gwiwar hannu.
Da asuba na tarar an goge wurin sumul.
Ban tambaya ba, shi ma bai ce ba,
sai dai farar ƙura a girarsa.

Jiya muna tafe a gaɓa
muka wuce jirginsa na fari.
Saura ƙashin baya, ciyawa ta tsiro a ciki,
sauran ya daɗe da shiga murhunmu, ya dafa dankali.
Gaba kaɗan ga na faiban marigayi Barría,
shekara goma sha ɗaya a yashe,
ba ya ruɓewa, ƙasa ta ƙi karɓarsa,
in an cinna masa wuta hayaƙin ya kori unguwa.
Yana ta zubar da ɓarɓashi, teku na lasa.

Baba ya taɓa shi da sanda, ya ce,
"Naki fa, wa zai binne shi?"

Da dare na buɗe littafi.
Ga layin mai, ga na ƙaro, ga na bashi.
Na ja sabon layi da biro,
na zauna ina kallonsa
har ruwan sama ya ɗauke.